Waiwaye: Wa Ya Fara Cewa Ciwon Damuwa Cutar Turawa Ce?

A 'yan shekarun nan, in kana son majalisa ta hargitse a Zariya, ɗauko zancen ciwon damuwa. Na gani a teburin mai shayi a Samaru, na gani a zauren WhatsApp na danginmu, Facebook kuwa ba a magana. Wasu su ce ƙarancin tawakkali ne aka raɗa wa sunan boko, kakanninmu sun sha fari da yunwa da baƙon dauro, ba wanda ya kwanta ya ce damuwa ta kama shi. Wasu kuma, galibi yaran da suka bi ta jami'a a Samaru ko Kongo, su ce cuta ce kamar hawan jini, a daina jingina komai ga aljanu da sammu. Kowane ɓangare gani yake wayar hannu ce ta kawo gardamar. Alhali ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, wadda aka buɗe a 1962.

Farkon labarin ba ya buƙatar dogon zama. A 1904 wani likitan Jamus, Emil Kraepelin, ya je tsibirin Java don ya ga ko taɓin hankalin da ya sani a Turai haka yake a can, kuma daga wannan tafiya ake ƙirga farkon kwatanta lafiyar ƙwaƙwalwa tsakanin al'ummu. A ƙasar nan, gidan mahaukata na Yaba a Legas ya buɗe a 1907, dokar mahaukata ta fito a 1916, aka sake ta a 1958. Wuraren tsarewa ne, magani kaɗan ne a cikinsu. Wanda ake kaiwa shi ne mai duka, mai jifa, mai tuɓewa a kasuwa. Matar da ta yi shiru a ƙuryar ɗaki ta daina cin tuwo, ba wanda zai kira mata ɗan doka. Daga irin mutanen da ake kawowa ɗin nan ne rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka suka yanke cewa baƙar fata ba ya ciwon damuwa, wai tunaninsa bai yi zurfin da zai kai shi can ba. Mai cewa "cutar Turawa ce" a yau, da ya san bakin da maganar ta fara fitowa, da ya ɗan sassauta murya.

Inda nake so mu daɗe shi ne wani wuri da ba a cika ambatarsa a Arewa ba, Aro, a gefen Abeokuta.

A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa na zamani. Ya tarar ba a gama ginin asibitin Aro ba. Maimakon ya naɗe hannu yana jiran magina, sai ya nufi ƙauyukan da ke kewaye ya nemi mutanen gari su karɓi majinyata haya a gidajensu. Sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da nasa, uwa ko 'yar'uwa ko wani na jini, wanda zai dafa masa abinci, ya yi masa wanki, ya raka shi. Da safe a je asibiti a ga likita, da yamma a koma ƙauye a zauna cikin mutane, a ji hayaniyar kasuwa, a gaisa da maƙwabta. Mai gida ya samu kuɗin haya, majinyaci bai rabu da jama'a ba. Duk Bazazzagin da ya taɓa yin jinya a Shika ya san wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: mai jinyar da ke kwana a tabarma gefen gado rabin magani ne. Abin da Lambo ya yi shi ne ya mai da wannan ɗabi'a ginshiƙin aikin, bai ɗauke ta a matsayin cunkoson da za a kora waje ba.

Sannan ya yi abin da ya fi tayar da ƙura a lokacin, ya jawo masu maganin gargajiya a jiki, yana aiki tare da su. Hujjar ba ta da wuyar ganewa. Majinyacin da ya yi imani jifa aka yi masa, in ka yi masa dariya da rana, da dare zai je inda ba a yi masa dariya, kuma ba zai ƙara gaya maka gaskiya ba.

A 1961 wata tawaga daga Jami'ar Cornell ta Amurka, ƙarƙashin Alexander Leighton, ta haɗu da Lambo suka shiga ƙauyukan yankin da cikin garin Abeokuta. Su Leighton sun riga sun yi irin wannan bincike a wata karkara ta Nova Scotia a Kanada, suna son su kwatanta. Abin da ya bambanta aikin shi ne sun zauna da masu magani da mutanen gari suka tambaye su, waɗanne irin rikicewar tunani kuka sani, me kuke kiran su? Hauka tuburan yana da suna, kowa ya san shi. Amma da aka kwatanta musu ciwon damuwa a dunƙule, a matsayin cuta guda, ba su gane shi a haka ba. Sai dai gutsattsarinsa duk sun fito daga bakinsu, a warwatse: mutuwar jiki, ramewa, kuka ba ƙaƙƙautawa, zullumi mai tsanani, ƙin abinci, fita daga sha'awar duniya. Da aka bi gida-gida kuma aka samu masu fama da waɗannan abubuwa da yawa. An buga sakamakon a 1963. A ciki akwai wani abu da ya kamata masu gardamarmu su riƙe: ƙauyukan da zumunci ya yi rauni, shugabanci ya lalace, talauci ya yi katutu, su ne suka fi yawan masu lalurar. Haka aka gani a Kanada, haka aka gani a ƙasar Yarbawa.

Wato tun sama da shekara 60 aka raba gardamar da muke yi, kuma ba ɓangaren da ya tashi da nama duka. Cutar tana nan, ba jirgi ne ya kawo ta ba. Amma ba ta zuwa da sunan da ke cikin littafin likita, kuma ba a kai kaɗai take zama ba, tana da hannu da yadda gari yake zaune. Mu ma ai haka muke magana. Bahaushe zai ce ƙunci, ɓacin rai, zullumi, fargaba. Zai ce gabana na faɗuwa, ƙirjina ya yi nauyi, kaina na ɗaukar zafi, wani abu na yi mini yawo a jiki. Tun a 1960 wani likita, Raymond Prince, ya rubuta a kan ɗaliban Nijeriya da ke kukan zafin kai da jin kamar ƙwari na tafiya a ƙwaƙwalwa, karatu ya ƙi shiga. Wanda ya taɓa kwana a aji lokacin jarrabawa a Samaru ya san mai irin wannan kuka, in ma ba shi ne ba.

Ba a daɗe ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi masu ciwon hauka a cibiyoyi 9, ciki har da Ibadan da Agra ta Indiya da Landan da Washington. Da aka sake duba su bayan shekara 2, na Ibadan da Agra sun fi na manyan ƙasashen samun sauƙi. Har yau masana na ja-in-ja a kan dalili, amma zaman majinyaci cikin dangi na daga abin da aka fi ambata. Shi kuwa Lambo ya kai har mataimakin shugaban hukumar, daga 1973 zuwa 1988.

To me ya hana hanyar Aro zama ruwan dare? A ganina araha ce ta yi mana illa. Zama da tsofaffi a tambaye su sunayen abin da ke damunsu yana cin watanni. Ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara a wata ƙasa a fassara ta yana cin yini guda. A 2008 wani masani, Jeffrey Arnett, ya ƙirga mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, ya samu kashi 96 cikin 100 daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Da mudun da aka auna a can ake zuwa a auna mu.

Na ga yadda mudun ke zubarwa. Goggona, bayan ta fita takaba, ta daina zuwa biki da suna, ta rame, ta daina ko faɗan da muka san ta da shi. Na kai ta wani asibiti. Wani saurayi ma'aikaci ya ɗauko takarda yana fassarawa a tsaye.

"Mama, kina jin kamar ba ki da amfani a duniya?"

"Subhanallahi, yaro! Wanda Allah ya halitta ai ba ya rasa amfani."

"Kina cikin baƙin ciki?"

"Alhamdulillahi, sai godiya."

Ya cike takardarsa, ba ta da komai. Sai a Keke, muna wuce Ƙofar Doka, ta ce da ni, "Ɗan nan, rabona da barcin kirki tun kafin azumi. Ƙirjin nan kamar an ɗora mini dutsen niƙa." Saurayin bai yi ƙeta ba. Tambayar ce ta nemi dattijuwa ta yi wa Ubangijinta butulci a gaban ɗan cikinta, ita kuwa ba za ta yi ba.

Kuma tsofaffin nan da ake kafa hujja da su, ana cewa su ba su san damuwa ba, lissafi bai goyi bayan maganar ba. Babban binciken da likitan ƙwaƙwalwa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga a 2006, daga yankunan da ake jin Yarbanci, ya samu kusan kashi 12 cikin 100 na manya sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Da suka juya kan 'yan shekara 65 zuwa sama, a rahoton 2007, sai aka samu kusan kashi 26 sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani. Fiye da ɗaya cikin huɗu ke nan. A ƙasashen masu arziki da ke jin Ingilishi, bincike ya nuna jin daɗin rayuwa kan sauka wajen shekara 45 zuwa 54, sannan ya sake hawa da tsufa. Nazarin da masanin tattalin arziki Angus Deaton da abokansa suka buga a 2015 bai ga wannan hawan ba a Afirka kudu da Sahara. Tsufa da fansho mai zuwa kan lokaci daban, tsufa da jiran abin da 'ya'ya za su aiko daban.

Haka zancen yake a fannin auna hali. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa ya kasa halin mutum gida 5: son sabon abu, tsare aiki, sakin jiki da mutane, sauƙin kai, da saurin shiga damuwa. An gwada shi a ƙasashe da dama ya zauna, amma da aka kai shi wurin mutanen Tsimane na dajin Bolibiya, rahoton 2013 ya nuna bai zauna ba. Mu kuwa namu jerin yana da alaƙa da garin nan. Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a makarantar horon mulki ta Kongo, ya fitar da nazari a 1974 a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya lissafo 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ina za a ajiye kunya a cikin gidaje biyar ɗin can? Yarinyar da ke sunkuyar da kai gaban surukai, matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, takarda za ta iya rubuta su cikin masu noƙewa ko masu fargaba, mu kuwa tarbiyya muke gani. Sai dai kada mu yi saurin tafa wa kanmu. Wannan kunya da wannan haƙuri su ne bargon da ciwo ke lulluɓa da shi shekara da shekaru, ana yabon mai shi da cewa ba ta da ƙorafi.

Masu cewa rashin imani ne kuma, akwai abin da suke tsallakewa a cikin gidansu. Manzon Allah (SAW) ya koyar da neman tsari daga hammu da hazan, wato zullumi da baƙin ciki, kuma akwai shekarar da tarihin Musulunci ke kira shekarar baƙin ciki. Masanin Musulmi Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki, yana buƙatar magani.

Sauran labarin mun gan shi da idonmu. A 2019 an fito da mutane cikin sarƙa daga gidajen mari a Kaduna da Katsina har da nan Zariya, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su don ba su san wata ƙofa ba. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. A Zimbabuwe, tun 2006, likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu abin da Shonawa ke kira kufungisisa, ma'ana tunani ya yi yawa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna aikin yana ci. A 2020 tawagar Gureje ta buga gwajin da ta yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya ke aiki tare da masu maganin gargajiya da masu addu'a, majinyatan suka fi samun sauƙi. Shekara 66 ke nan bayan Lambo ya shiga ƙauyukan Aro neman ɗakin haya.

Goggo dai daga baya mun samu wata dattijuwar likita da ta fara da "Hajiya, yaya barci? Wa ke taya ki hira da dare?" Aka ba ta magani, ta ci gaba da shan rubutunta, jikarta ta koma ɗakinta da kwana. Wajen wata huɗu ta dawo yi mana faɗa. In ka tambaye ta abin da ya same ta a waccan shekara, ba ta taɓa cewa ciwon damuwa. Cewa take yi tunani ne ya yi mata yawa.