Mahaukaciyar Guguwar Teku

Mahaukaciyar guguwar teku gagarumar iska ce mai juyawa, tafe da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wadda ke tasowa a kan tekuna masu ɗumi. A Tekun Atlantika da gabashin Fasifik ana ce mata harikan, a yammacin Fasifik taifun, a Tekun Indiya kuwa saiklon. Ba ta kai wannan matsayi sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa.

Ƙarfinta duk daga ɗumin ruwa yake. Sai zafin saman teku ya kai wajen digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyas, ɗumin kuma ya ratsa har zurfin mita 50. Daga nan ruwan ya riƙa tururi, tururin ya yi sama, ya huce ya zama hadari. Garin hucewa yakan saki zafin da ya ɗebo daga teku, zafin ya ƙara ingiza iska sama. Gurbin da ta bari a ƙasa sai iskar kewaye ta kwararo ta cike shi, ita ma da nata tururin. Haka abin ke ciyar da kansa. Juyawar duniya ce ke karkatar da iskar har ta kama zagaye: a arewacin ikwaita (layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu) saɓanin hannun agogo, a kudu kuma yadda agogo ke tafiya. Dab da ikwaita karkatarwar ba ta da ƙarfi, shi ya sa da wuya guguwar ta tashi a can. Da yawa daga cikin manyan guguwowin da ke afka wa Karebiyan da Amurka kuwa, asalinsu hadari ne da ya fita daga Afirka ta Yamma ya bi ta tsibiran Kef Bad.

A tsakiyarta akwai abin da ake kira ido, fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 65 inda iska ke lafawa, wani lokaci har a ga rana. Katangar hadarin da ta kewaye idon ita ce mafi muni. Duk wanda ya fito waje don ya ga ƙura ta lafa ya jefa kansa cikin haɗari, domin ɗaya ɓarin katangar na tafe, iskarta kuma daga wata fuskar za ta bugo.

Ma'aunin Saffir-Simpson ya kasa ta mataki 5, na ƙarshe daga kilomita 252 a awa zuwa sama. Sai dai iska kaɗai yake aunawa, alhali ruwa ya fi kisa. Guguwar kan turo teku zuwa tudu, ruwan ya haura mitoci ya shanye garuruwan gaɓa. Shi ya hallaka aƙalla mutum 300,000 a guguwar Bhola ta 1970, a ƙasar da yau ake kira Bangaladash. A 2005 ma, lokacin guguwar Katrina a Amurka, fashewar shingayen ruwa ce ta nutsar da mafi yawan birnin New Orleans.

Da zarar ta hau tudu ko ta shiga ruwa mai sanyi sai ta fara rauni, don tururin ya yanke mata. Duk da haka ruwan da ta ɗauko kan ci gaba da zuba, ya haddasa ambaliya da zaftarewar ƙasa nesa da gaɓa. A Atlantika lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsananta a Satumba.