Karyewar zare a cikin roba lokacin ɗura

Karyewar zare ita ce gajartar da siraran zaruruwan gilashi ko na kabon ke yi yayin da ake narka roba ana ɗura ta da matsi cikin mazubi. Ana cakuɗa zaruruwan da roba irin nailan ko folifurofilin domin su ɗauki nauyi, amma injin da ke narka robar shi ne yake kakkarya su, sai kayan ya fito bai kai ƙarfin da ake tsammani ba.

Tarihi

A 1872 John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah suka yi rajistar injin ɗura a Amurka, mai tura roba da sanda kamar allurar likita. A 1946 James Watson Hendry ya ƙera inji mai sukuru da ke juyawa cikin bututu mai zafi, wanda ya kyautata narkewa da gauraya. Zaren gilashi ya riga ya shiga kasuwa, domin an kafa kamfanin Owens-Corning mai yin sa a 1938. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta haifar da matsalar: sukurun da ke gauraya roba sosai yana niƙa abin da ke cikinta.

A 1959 masu bincike Forgacs da Mason a Kanada suka nuna yadda zare ke lanƙwashewa a cikin ruwa mai kauri da ke gudana. A 1965 Kelly da Tyson a Ingila suka fito da lissafin mafi ƙarancin tsawon da zare ke buƙata kafin ya ɗauki cikakken nauyi. Tsawon ya dogara ga ƙarfin zaren, kaurinsa, da yadda ya manne da abin da ke kewaye da shi. Zaren da bai kai wannan tsawo ba zamewa yake yi daga cikin robar. Wajen tsakiyar shekarun 1980 aka fara sayar da ƙwayoyin roba (ƙananan gutsattsarin da ake zuba wa injin) masu dogon zare, ciki har da Verton na ICI, kamfanin sinadarai na Birtaniya.

Yadda zaren ke karyewa

Kaurin zaren gilashi kan kasance tsakanin maikiromita 10 zuwa 17, ya fi gashin mutum siranta nesa. Ƙwayoyi masu dogon zare kan kai milimita 10 zuwa 12, amma a kayan da aka gama ɗurawa yawanci abin da ke saura bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. A masu gajeren zare kuwa bai kai rabin milimita ba.

Babbar ɓarna a sukuru take faruwa, wurin da ƙwaya ta fara narkewa: rabin zaren na kafe cikin daskararriyar roba, rabin kuma narkakkiyar na jansa, sai ya ɓalle. Daga nan akwai bawul ɗin kan sukuru, bakin bututu, da ƙuntatacciyar ƙofar mazubi. Zare kan gogi ɗan'uwansa, ko bangon ƙarfe, ko gudun robar ya tanƙwara shi. Masu bincike ba su yi ittifaƙi kan wanda ya fi tasiri cikin ukun ba.

Tasiri da awo

Taurin kaya ba ya buƙatar dogon zare sosai. Jure bugu ne ya fi raguwa idan zaren ya gajarta, abin da ke da muhimmanci a sassan mota. Don auna tsawon, ana ƙona robar a tanda mai zafin kusan digiri 500 zuwa 600 na Salsiyos, a baza zaren da ya rage a duba shi da madubin ƙara girma. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 22314 ya tsara wannan aiki.

Rage ɓarna

Ana rage gudun sukuru da matsin baya (matsin da sukuru ke fuskanta yayin da yake ja da baya yana tara narkakkiyar roba), a ɗan ƙara zafi, a faɗaɗa hanyoyi da ƙofar mazubi.