Yadda Kazuchika Okada ya ɗare kan kokawar Japan yana ɗan shekara 24

Wane ne Okada, kuma daga ina ya faro?

An haifi Kazuchika Okada ranar 8 ga Nuwamba, 1987, a garin Anjo da ke lardin Aichi. Da ya gama ƙaramar sakandare sai ya shiga makarantar kokawa ta Toryumon, wadda ɗan kokawar Japan Último Dragón ya kafa, kuma a Meziko ya yi karonsa na farko a watan Agustan 2004 yana da shekara 16. A 2007 ya koma New Japan Pro-Wrestling, kamfanin da Antonio Inoki ya kafa a 1972.

Tun da ya riga ya goge a Meziko, kai tsaye aka saka shi cikin manya?

A'a, daga ƙasa ya sake farawa, cikin almajiran da kamfanin ke kira matasan zakuna. Waɗannan samari a gidan horo suke kwana a Tokiyo, su ne masu shara da wankin kayan manya, su ne kuma masu dafa chanko, wato romon nama da ganye da ake ci daga babbar tukunya. Idan sun shiga fage, baƙin wando da baƙin takalmi kawai suke sawa, ba ado ba kirari, an ƙayyade musu dabarun da za su yi amfani da su, kuma yawanci su ake kayarwa. A ganina wannan tarbiyya ce ta ba Okada natsuwar da aka san shi da ita, domin wanda ya daɗe yana shan kaye a gaban jama'a ba ya rikicewa ranar da idanu suka dawo kansa.

Me ya kai shi Amurka?

Al'adar kamfanin ce a tura matashi ƙetare ya ƙaro sani. A 2010 aka tura shi kamfanin kokawa na TNA a Amurka, inda bai samu wani matsayi na a zo a gani ba.

To yaya aka yi ya ɗaukaka cikin ɗan lokaci?

Ya dawo ranar 4 ga Janairu, 2012, a filin Tokyo Dome da sabon laƙabi, Rainmaker, ma'ana mai saukar da ruwan kuɗi, kuma a daren ya ƙalubalanci zakaran kamfanin, Hiroshi Tanahashi, 'yan kallo suna yi masa ihun raini. Ranar 12 ga Fabrairu a Osaka ya kayar da Tanahashi ya karɓi kambun IWGP na masu nauyi, wato babban kambun kamfanin a lokacin. Ya kamata a sani cewa a irin wannan kokawa kamfani ne ke tsara wanda zai yi nasara, saboda haka abin da ya faru kasada ce shugabanni suka yi da ɗora amanar kamfani a kan saurayin da jama'a ba su yarda da shi ba tukuna. Gumi da ciwo da iya jan hankalin 'yan kallo kuwa ba a tsara su a takarda, kuma a nan ya fitar da su kunya. A shekarar ya kuma lashe G1 Climax, babbar gasar da kamfanin ke yi duk shekara.

Ina ya kai daga baya?

Daga Yunin 2016 zuwa Yunin 2018 ya sake riƙe kambun IWGP har kwana 720, ya kare shi sau 12 a jere kafin Kenny Omega ya karɓe. A farkon 2024 ya bar New Japan, ya koma kamfanin AEW na Amurka.