Daga kwarkwata zuwa tsargiya: tambayoyi kan halittun da ke ci a jikinmu

Wace irin halitta ce ake nufi?

Wadda ba ta iya rayuwa sai ta laƙe wa mutum ko dabba, tana shan jininsa ko cin abincinsa, shi kuwa sai wahala. Akwai na bayan fata: kwarkwata, ƙuma, kaska. Akwai tsutsotsin ciki irin su tsila da macijin ciki. Akwai kuma ƙanana da ba a gani sai da madubin likita, kamar Plasmodium mai kawo masassarar cizon sauro.

Me ya sa wasunsu ba sa tsayawa a jiki ɗaya?

Don girmansu na bukatar masauki biyu. A ɗayan suke balaga su yi aure su hayayyafa, ɗayan kuwa zango ne. Abin mamaki, a wurin Plasmodium mu ne zangon: a hantarmu da jajayen ƙwayoyin jininmu take yaɗuwa, amma a cikin macen sauro take aure.

To tsargiya fa, ina ruwanta da katantanwa?

Nan ne maganar take ga mu mutanen jihar Tawa, masu tabkuna irin na Tabalak da gonakin rani na Ƙonni. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shige ƴar katantanwar da ke manne a ciyawar bakin ruwa. Bayan makonni sai su fito da yawa, su huda fatar yaron da ke wanka ko matar da ke wanki. Ba sai an sha ruwan ba. Tsutsar ta girma a jijiyoyin jini kewayen mafitsara, ƙwanta ne ke jawo ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu ana jin masu cewa alamar balaga ce ga yaro. Ba balaga ba ce, ciwo ne, kuma in aka bar shi yana lalata mafitsara da ƙoda.

Maganin da ake rabawa a lakwal bai isa ba?

Praziquantel na kashe manyan tsutsotsi, amma yaro na komawa tabki, sai ya sake ɗauka. Dole a haɗa da masai da ruwan famfo.

An taɓa katse irin wannan zagaye?

Ƙwarai. Kurkunu ba ya da magani ko allurar rigakafi. Da tace ruwan sha da hana mai ciwon sa ƙafa cikin tabki aka yaƙe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.