Jesse Owens

James Cleveland Owens, wanda aka fi sani da Jesse Owens, ɗan tseren Amurka ne baƙar fata da ya lashe lambobin zinare 4 a wasannin Olamfik na birnin Berlin a 1936. An haife shi ranar 12 ga Satumba, 1913, a Oakville ta jihar Alabama, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya 10.

Tasowarsa

Yana da kimanin shekara 9 iyayensa suka ƙaura zuwa birnin Cleveland na jihar Ohio, inda malaminsa Charles Riley ya riƙa horar da shi da sassafe, domin idan an tashi daga makaranta yaron yakan tafi neman na abinci. A Jami'ar Jihar Ohio ba a yarda ya kwana ɗaki ɗaya da fararen ɗalibai ba. Duk da haka, ranar 25 ga Mayu, 1935, a wata gasa a birnin Ann Arbor na jihar Michigan, ya kafa sabon tarihin duniya har sau 3 cikin kusan minti 45, kuma dogon tsallensa na mita 8.13 sai da ya shekara 25 ba a wuce shi ba.

Berlin

Gwamnatin Hitler ta shirya wasannin ne da nufin nuna wa duniya cewa jinsin Jamusawa ya fi kowa. A gaban dubban 'yan kallo Owens ya cinye tseren mita 100 cikin daƙiƙa 10.3, ya ɗauki na mita 200, ya zo na ɗaya a dogon tsalle da mita 8.06, sannan ya ƙara da tseren miƙa sanda. Bajamushe Luz Long, wanda ya zo na biyu a tsallen, ya taya shi murna a bainar jama'a, abin da ke buƙatar ƙarfin hali a wancan zamani. Masana tarihi sun saɓa a kan labarin cewa Hitler ya ƙi gaisawa da shi.

Bayan komawa gida

Shugaban Amurka na lokacin, Roosevelt, bai gayyace shi fadarsa ba, bai kuma aika masa da saƙon taya murna ba. A liyafar da aka shirya masa a otal ɗin Waldorf Astoria na New York, ta lif ɗin ɗaukar kaya ya hau sama. Talauci ya kai shi har ga yin tsere da dawaki don a biya shi. Sai a 1976 Shugaba Gerald Ford ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar 31 ga Maris, 1980, a birnin Tucson na jihar Arizona, sakamakon sankarar huhu.