Bugu da katako ya girmi injin ɗab'i

An daɗe ana ɗauka, har a tsakanin matasan Maraɗi masu sha'awar zane, cewa buga rubutu da hoto a kan takarda ya faro ne da injin Gutenberg a Jamus wajen shekarar 1450, kuma wai wanda ba shi da inji ba shi da hanyar yin wannan aiki. Zancen ba haka yake ba. Wani littafin addinin Buddha da aka gano a kogon Dunhuang na ƙasar Sin yana ɗauke da shekarar 868, kuma da sassaƙaƙƙen katako aka buga shi. Abin da Gutenberg ya kawo wa Turai shi ne haruffan ƙarfe ɗaiɗai, waɗanda ake jerawa a buga, a wargaza, a sake jerawa.

Duk mai sassaƙa hatimi a Babbar Kasuwa ya san tushen aikin. Ana zana hoton a juye a kan allo mai santsi, a ƙwaƙule duk inda ake so ya fito fari, a shafa tawada a kan abin da ya rage a tudu, sannan a ɗora takarda a murza bayanta da cokali har tawadar ta kama. A Japan ma da ɗan faifai ake murzawa da hannu, kowane launi da nasa allon, kuma an raba aikin tsakanin mai zane, masassaƙi da mai bugu. Wannan rabon ya dace da abokai masu wuƙa ɗaya da kwalbar tawada ɗaya, tunda allo guda yana fitar da hotuna masu yawa kafin ya cinye.