Idan Mai Ya Tsiyaya a Ƙarƙashin Gidan Mai: Tambayoyi da Amsoshi

Ta ina man ke bi har ya kai ga ruwa?

Fetur da dizal na gidan mai a cikin manyan tankuna da aka binne suke. Tsoffin tankunan na ƙarfe ne, danshin ƙasa yana cin su har tsatsa ta huda su. Sau da yawa ma ba tankin ne ke yoyo ba, mahaɗar bututun da ke kai mai zuwa famfo ce, ko malalar da ake samu lokacin da tanka ke sauke kaya. Ɗigo-ɗigo ne, wata da watanni, ba wanda ya gani. Man yana gangarawa har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya kwanta a samansa tunda bai kai ruwa nauyi ba. Daga nan wani ɓangarensa ke narkewa, ruwan ya tafi da shi wajen rijiyoyin maƙwabta.

Ɗan wannan yoyon har ya isa a damu?

Ya isa ƙwarai. A cikin fetur akwai benzin, sinadarin da aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada ya wuce maikrogiram 10 (maikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a litar ruwan sha, a Amurka kuwa 5 ne. Wato giram ɗaya tak ya isa ya kai lita 100,000 bakin iyakar Hukumar. Akwai kuma wani sinadari mai suna MTBE da aka riƙa zubawa a fetur, wanda ya fi benzin saurin narkewa da nisan tafiya. Shi ya sa birnin Santa Monika na jihar Kalifoniya ya rufe wasu daga cikin rijiyoyinsa a 1996, ya rasa kusan rabin ruwan shansa.

Yaya ake gane abin da ido ba ya gani?

Da rijiyoyin sa ido. Ana haƙa siririn rami, a zura bututun roba mai tsage-tsage a daidai inda saman ruwa yake, domin ruwa da man da ke kansa su shiga. Aƙalla uku ake buƙata, saboda da tsayin ruwan wuri uku ne ake gane inda ya dosa. Wanda ya haƙa rijiya ɗaya a gefen da ruwan ke fitowa zai ga ruwa garau, alhali gubar tana wucewa ta bayansa.

Ɗaukar samfurin kansa aiki ne na natsuwa. Ma'aikaci zai fara zura na'urar da ke yin ƙara iri ɗaya idan ta taɓa mai, wata iri idan ta taɓa ruwa, da haka ya san kaurin man. Sannan ya cika 'yar kwalba mai mililita 40 har baki, ya rufe, ya kife ta ya duba. Idan ya ga ƙwayar iska ko ɗaya sai ya sake, domin benzin zai gudu cikin iskar, ɗakin gwaji ya ba da sakamakon da ya gaza gaskiya. Kwalbar kuma cikin ƙanƙara za ta yi tafiya.

Me ya hana a zuƙe ruwan kawai a huta?

An daɗe ana gwadawa: a zuƙo ruwan, a tace shi da gawayi na musamman ko a busa masa iska. Yana hana gurɓatar yaɗuwa, amma da wuya ya gama aikin shi kaɗai. Dalili kuwa, ruwan ƙasa yana hawa yana sauka, duk hawa da sauka yana shafa man a jikin yashi da laka. Ƙasar sai ta riƙe shi kamar soso, tana sakinsa kaɗan-kaɗan. Ana kashe injin, bayan ɗan lokaci awo ya sake tashi.

Saboda haka ake haɗa dabaru. A toshe yoyon tukuna, a cire tankin da ƙasar da ta jiƙe, a kwashe man da ke saman ruwa. Sai a hura iska cikin ruwan ta ƙasa, a zuƙe tururin ta sama. Iskar tana da wani amfanin: bakteriyar da ke cikin ƙasa suna cin benzin idan sun sami iskar oksijin. Wani lokaci a kan bar musu sauran aikin, amma a ganina wannan ba ya halatta sai ana awo a kai a kai, ana ganin adadin yana raguwa. In ba haka ba, sakaci ne aka sa wa suna mai daɗi. Aikin yakan ɗauki shekaru.

Idan ruwan rijiya ya fara warin fetur fa?

A daina sha da girki da wanka da shi, a sanar da hukumar kula da muhalli. Tafasawa ba mafita ba ce, tana tura gubar ne cikin iskar ɗaki. Rashin wari kuma ba shaidar tsabta ba ne, sai gwaji.

Ana iya hana faruwarsa tun farko?

Ana iyawa. Akwai tanki mai bango biyu da na'urar gargaɗi a tsakaninsu, akwai wanda ba na ƙarfe ba da tsatsa ba ta ci. Amurka ta kafa ƙa'idojin tankunan ƙasa a 1988, ta ba tsoffin tankuna wa'adi zuwa Disamba 1998 a gyara su, a sauya su ko a rufe su. Mafi sauƙi duka shi ne lissafin kullum: a auna tanki da sanda, a kwatanta abin da aka sauke da abin da aka sayar. Idan giɓi ya riƙa fitowa a jere, a gwada tankin da bututunsa kafin a fara zargin yaran famfo.